Guzuri da tsaraba: fim ɗin Jaguar na Jean Rouch da littattafan ƴan goyon jaka

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna son mu jera abu biyu da ba a saba jerawa wuri guda ba. Na farko fim ne, Jaguar, wanda Jean Rouch ya ɗauka a 1954 da 1955, amma bai fito ba sai 1967. Na biyu littattafan jagora ne na samarin Turai masu yawon ƙasashen zafi da kuɗi kaɗan, waɗanda Faransanci ke kira routards. Da yake Hausa ba ta tsayar musu da suna ba, a nan za mu ce da su ƴan goyon jaka, saboda jakar da suke goye da ita kamar jinjiri. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa wajen 1991 Yamai ta kasance babban zangonsu. Wasu su gangaro ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit da Agadas, wasu su biyo gaɓar kogin Isa daga Gawo, ta Ansongo da Labezanga da Ayoru da Tilaberi, su huta kwana kaɗan, su nemi biza, sannan su nufi Wagadugu ko Lome ko Kwatano.

Abin da ya sa muka haɗa su shi ne, dukansu labarin tafiyar marar kuɗi suke bayarwa, bisa hanyoyi guda, cikin motoci guda da jiragen ruwa guda. Tambayarmu ita ce: da wane mudu kowannensu ke auna tafiya, kuma wa ke biyan abin da matafiyi ya ce ya samu da araha? Ba za mu shiga gardamar ko Jaguar aikin nazarin al'adu ne ko ƙagaggen labari ba. An sha yin wannan gardama, kuma Rouch da kansa ya ƙi zaɓen ɗaya.

2. Kalmomin tafiya

Hausa tana rarraba tafiya bisa abin da ya fitar da mutum daga gida. Akwai fatauci: falke yana cikin ayari, ayari yana da madugu, yana sauka a zango hannun mai masauki, wanda shi ne kuma dillalinsa, shi ne mai tsaya masa in rigima ta taso. Akwai ci-rani, ko biɗa kamar yadda aka fi cewa nan Nijar: in hatsi ya shiga rumbu saurayi ya fita, a rage baki ɗaya bisa abincin gida, ya komo kafin shuka da abin da ya samu. Akwai almajiranci, akwai tafiyar ƙasa zuwa Makka wadda kan ci shekaru, ana aiki ana matsawa gaba. Sannan akwai yawon duniya da yawon dandi, waɗanda ba a faɗinsu sai da zargi a baki. Yawon buɗe ido kuwa sabuwar ƙira ce ta gidajen rediyo da ofisoshin gwamnati, an ƙera ta ne don a sami abin kiran wata tafiya da ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗancan.

Kalmomi biyu ne ke riƙe da tafiya, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta: guzuri da tsaraba. Guzuri shi ne abin da gida ya ɗaura wa mai fita, tsaraba ita ce abin da mai komowa ya kwance gaban gida. Wanda ya tafi da guzurin mutane ya komo hannu rabbana, da dare yake shigowa gari. Ko littattafan tafiya na boko ba su kauce wa wannan ba: Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam (1944), labarin zuwansa Ingila a 1943, tsaraba ne da aka kawo wa waɗanda ba su je ba. Da wannan ma'auni za mu yi aiki.

3. Kakanni biyu

Ɗan goyon jaka yana da kaka, kuma ba Mungo Park ba ne, wanda gwamnatin Ingila ta haɗa da sojoji a tafiyarsa ta biyu, ya mutu a Busa a 1806. Ba Heinrich Barth ba ne, wanda ya ƙetare Isa a Sayi cikin watan Yuni 1853 da barorinsa da takardun sarakuna. Kakan shi ne René Caillié, ɗan talakawa, wanda ya tashi daga gaɓar Gine a watan Afrilu 1827 da ɗan abin da ya tara da guminsa. Ya shiga ayarin fataken goro, ya ce sunansa Abdullahi, Bamasare ne da Faransawa suka sace yana yaro, yana neman hanyar gida. Daga Jenne ya shiga jirgin kaya, ya isa Tambutu ranar 20 ga Afrilu 1828. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi ladar faran 10.000, littafinsa ya fito a 1830. Abin lura a nan shi ne yadda tafiyar ta yi araha. Ta yi araha ne domin mutanen hanya sun ɗauke shi Musulmi ɗan hanya, wanda ciyar da shi sadaka ce. Wato haƙƙin baƙo ya ci, haƙƙin da aka tanada wa wani irin matafiyi dabam, ya je Paris ya karɓi ladar. Ba mu ce bai sha wuya ba. Ciwo ya kwantar da shi watanni a Tiyeme har ya kusa mutuwa. Amma sunayen waɗanda suka yi jinyarsa ba su shiga cikin ladar ba.

Kaka na biyu shi ne Rouch kansa. Ya fara zuwa Yamai a 1941 yana injiniyan hanyoyi, a nan ya haɗu da Damouré Zika, ɗan Sarkawa. Bayan yaƙi, daga ƙarshen 1946 zuwa watan Maris 1947, shi da Jean Sauvy da Pierre Ponty suka bi kogin Isa daga mafarinsa a Gine har teku, fiye da kilomita 4.000, galibi cikin jirgin Sarkawa. Kuɗin tafiya daga labaran da suke sayar wa kamfanin dillancin labarai na Faransa yake fitowa, suna sa hannu da suna guda, Jean Pierjean, wanda suka harhaɗa daga sunayensu uku. A yankin Ayoru Rouch ya ɗauki farautar dorina. Da aka kai hotunan Paris, kamfanin Actualités françaises ya juya tsarinsu: bikin bori da ake yi kafin farauta don neman izinin ruwa aka mai da shi ƙarshe, kamar shi ne ƙololuwar abin kallo, aka aza sharhi mai zuzutawa, aka raɗa wa fim ɗin Au pays des mages noirs. Rouch ya daɗe yana nesanta kansa da wannan aiki. A ganinmu Jaguar wani yunƙuri ne na gyara wancan ɓarna, ta hanyar miƙa wa mutanen kogin bakin magana.

4. Abin da Jaguar ya iya

Labarin ba shi da wuya. Samari uku sun haɗu a kasuwar Ayoru: Lam Ibrahim Dia, Bafillace makiyayi, Illo Gaoudel, masunci, da Damouré Zika, ɗan lakkol, ɗan gayu. Suka yi shawarar tafiya kurmi, wato ƙasar Gana ta yau, wadda a lokacin Ingilishi ke mulki da sunan Gold Coast. Suka nemi duba, aka ce hanya tana da nauyi, su rabu in sun kai mararraba. Suka bi ƙasa ta arewacin Dahome har bakin teku, suka bi gaɓa har Lome. A iyaka aka tambaye su takardu, ba su da ko ɗaya, sai suka kewaya ta bayan ofishin duwan, ta bakin ruwa, suka shige. Damouré ya sami aiki a wurin sayar da katako a Akra har ya zama shugaban leburori, Illo ya yi dako, Lam ya kafa tebur a kasuwar Kumasi. Daga baya suka haɗu da na huɗu, Douma Besso, mai aikin haƙar zinariya, suka haɗa jari a teburin Lam. Da damina ta ƙarato suka shiga kamyo suka komo, suka rabar da abin da suka tara cikin yini guda.

Ƙarfin fim ɗin ya fito ne daga wata naƙasa ta kayan aiki. Kyamarar Rouch, Bell & Howell mai milimita 16, da hannu ake ɗaure ta, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai a ɗauka guda, kuma ba ta ɗaukar sauti. Saboda haka sai bayan shekaru aka zaunar da matafiyan gaban hotunansu, aka ce su yi magana. Abin da muke ji ke nan: mutane suna kallon kansu suna tafiya, suna yi wa juna ba'a, suna gardamar abin da ya faru, wani lokaci su shiga cikin hoton su yi magana kamar yanzu abin ke faruwa, wani lokaci su fito su zama masu ba da labari. Duk wanda ya taɓa zama a dandali daren da ƴan biɗa suka sauka ya san wannan salo. Labarin kurmi ba mutum ɗaya ke ba da shi ba. Ɗaya yana faɗa, ɗaya yana ƙaryata shi, na uku yana ƙara gishiri. Rouch bai ƙago wannan ba. Abin da ya yi shi ne ya gane cewa labarin da ake bayarwa bayan an komo wani sashe ne na tafiyar, kuma yana cikin tsarabar.

A nan ne fim ɗin ya fi kowane littafin jagora fahimtar hanya. Mai kallo yana ganin cewa talaka ba ya tafiya da kuɗi, da mutane yake tafiya. A kowane gari akwai wanda za a tambaya: ɗan garinku da ya riga ku zuwa, mai masauki, sarkin zango. Ko kalmomin da ke yawo cikin Faransancin fim ɗin shaida ne. Kaya-kaya, sunan ɗan dako a Akra da Kumasi, daga Hausa ya fito, haka ma zongo, sunan unguwannin baƙi a biranen Gana. Hanyar da samarin nan suka bi a 1954 ta gaji ta fataken goro masu zuwa Gwanja, da masaukanta da ladubbanta. Shi ya sa zuwa ba takarda bai zama ƙarshen tafiya ba: abin da ke tsaya wa mutum a can ba hatimin kumandan ba ne, sanin wanda ya san shi ne.

Sannan ga ƙarshen fim ɗin, wanda masu sharhi na Turai suka fi ɗauka abin mamaki ko abin dariya: watanni ana tara kuɗi, yini guda a watsar. Ga mai kallo na nan ba wani abin mamaki. Rabon shi ne dalilin tafiyar. Turmin atamfa da ya shiga ɗakin uwa, da kwalbar turare da ta je gidan surukai, da goron da aka bi gida-gida da shi, su ne ke mai da wanda ya fita yaro ya komo mutum, su ne kuma guzurin baɗi, domin wanda ya ci tsarabarka bana shi zai riƙe maka gida in ka sake fita. Sunan fim ɗin ma daga nan yake. Jaguar motar Ingilishi ce mai tsada, samarin Akra suka mai da kalmar sunan ɗan gayu mai tafiya da taƙama da sigari a baki. Damouré ya koyi wannan tafiya a titin Akra, amma amfaninta sai a Ayoru, gaban waɗanda ba su je ba.

5. Abin da ya rufe

Sai dai kuma daɗin fim ɗin bai kamata ya rufe mana ido ba. Da farko, tafiyar ƙasan da muke gani shiryayya ce. Rouch yana tare da su, da motarsa da kuɗin bincikensa, domin a daidai lokacin yana gudanar da ƙidayar da ta zama Migrations au Ghana (1956). Damouré da Lam ma'aikatansa ne. Yunwar da suke yi a hoto yunwa ce da ke da mafita, kuma ta wannan fuska sun fi kusa da ɗan goyon jaka bisa ga ɗan biɗa: dukansu talauci ne na aro, wanda ake iya tuɓewa.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, fim ɗin ya ba da dalili guda na fita, wato son ganin duniya da neman suna. Wannan ra'ayin Rouch ne tun a rubuce-rubucensa: ƴan ci-ranin Zabarmawa magadan mayaƙa ne irin su Alfa Hano da Gazari da Babatu, waɗanda suka mamaye ƙasar Gurunsi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. (Masu nazarin Hausa sun san labarin waɗannan mayaƙa ta rubutun ajami na Malam Abu, wanda Stanisław Piłaszewicz ya buga a 1992.) Thomas Painter ya soki wannan ra'ayi a 1988, kuma muna ganin da gaskiyarsa. Tsakanin Babatu da Damouré akwai lanho da ake biya da kuɗin Faransa a ƙasar da ba ta da inda za a sami kuɗin, akwai aikin tilas da ba a soke ba sai 1946, akwai yunwar 1931 da ta watse ƙauyukan yammacin Nijar, wadda André Salifou da Boureima Alpha Gado suka yi nazari a kanta. Mutumin da ya fita don kada a ɗaure ubansa a rana gaban bariki ba neman suna ya fitar da shi ba. Jaguar ya san da lanho, amma ya ratsa ta gefensa da sauri kamar yadda samarin suka ratsa ta bayan duwan. Haka kuma ba mu ga wanda ya tafi bai komo ba, ko wanda ƙurar ramin zinariya ta ci wa huhu, ko matan da aka bari da gona da yara. Mata a fim ɗin abin kallo ne a bakin hanya.

Akwai wani wuri da ya cancanci a tsaya a kai. A duwatsun Atakora matafiyan sun iske mutanen da fim ɗin ya kira Somba, waɗanda ke kiran kansu Batammariba, kusan ba tufa a jikinsu. Lam ya yi mamaki, Damouré ya yi masa nasiha cewa haka Allah ya so su, ba abin dariya ba ne. An sha yabon wannan wuri a matsayin darasin haƙuri da al'adun wasu. Mu dai abin da muka gani shi ne kyamara ta sami hanyar nuna tsiraici ba tare da ta ɗauki laifin ba, tun da baƙar fata ne ke kallo, baƙar fata ne ke sharhi. Batammariba ba su ce uffan ba. A 1965 Sembène Ousmane ya zargi Rouch, ido da ido, da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Zargin bai dace da yawancin Jaguar ba, amma ya dace da waɗannan mintoci, kuma a cikinsu ne samarin Ayoru suka zama ƴan yawon buɗe ido.

Sai batun harshe, wanda ya shafi sashenmu kai tsaye. An miƙa wa matafiya bakin magana, amma da Faransanci. Wanda ya fi iya shi ya fi magana, shi ya sa Damouré ya mamaye fim ɗin, Lam na biye, Illo da Douma kuwa jikinsu muke gani fiye da yadda muke jin su. A hanya ba da Faransanci aka nemi ruwan sha ba, ba da shi aka yi ciniki a Kumasi ba. Zabarmanci da Hausar zango, waɗanda su ne ainihin abin hawan wannan tafiya, sun rage ƴan kalmomi masu ba da ƙamshi.

Tarihi ma bai yi wa fim ɗin jinkiri ba. Ya fito a 1967 yana nuna Gana mai buɗaɗɗiyar ƙofa ta zamanin tashen Nkrumah. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, ƴan Nijar da yawa suka komo da abin da hannu ya iya ɗauka.

6. Littafin jagora da mudunsa

Le Guide du routard ya fara fitowa a 1973, na Philippe Gloaguen da Michel Duval. A 1977 kamfanin Lonely Planet ya buga Africa on the Cheap na Geoff Crowther, wanda daga baya ya koma Africa on a Shoestring. Ba ma raina waɗannan littattafai. Sun fitar da Bature daga otel da motar kumandan, sun zaunar da shi a tasha yana jiran mota ta cika, sun koya masa cin shinkafa da wake a bakin titi. Da yawa daga cikin masu bincike da likitocin da suka yi wa Sahel aiki daga baya ta wannan ƙofa suka shigo. Kuma ta wajen bayanin hanya sun fi fim ɗin gaskiya game da kogi: manyan jiragen Mali daga Kulikoro zuwa Gawo sai lokacin cikar ruwa suke tafiya, duwatsun Fafa da Labezanga kuma sun hana su gangarowa, saboda haka mai mafarkin zuwa Yamai ta ruwa galibi bisa buhuna a bayan kamyo yake isowa. A watan Yuni 1985 ma kogin ya daina gudu a Yamai ɗungum.

Matsalarsu tana cikin tsarinsu. Kowane gari an yanka shi gida-gida: inda za a kwana, inda za a ci, yadda za a fita, kowane gida kuma an jera shi daga mafi araha. Gwanin matafiyi a wannan ma'auni shi ne wanda ya fi daɗewa a hanya da kuɗi mafi ƙaranci. Ke nan nasara ita ce abin da ba a kashe ba, alhali a Jaguar nasara ita ce abin da aka rabar. Daga wannan tsari ne halayen da mutanen tasha suka sani suka fito: ciniki mai zafi bisa dala biyar da mai tallar da ribarta ta yini ba ta kai kuɗin tambarin wasiƙarsa ba, da ɗaukar duk wani ƙarin farashi a matsayin cuta, da neman a biya «kuɗin ƴan ƙasa» ba tare da ɗaukar nauyin da ɗan ƙasa ke ɗauka ba. Kuɗin mota na ɗan ƙasa yana da araha ne domin shi da direba da ɗan kamasho za su sake haɗuwa, a biki ko a zaman makoki. Haka kwana kyauta a gidan mai gari. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ake nufi tana da garin da za a iske ta wata rana a rama. Littafin jagora yana rubuta irin wannan karamci a layin abubuwan da ba a biya, kamar inuwar bishiya.

Mu ƙara da cewa arahar ba daga dabarar matafiyi take fitowa ba, daga canjin kuɗi take. Har zuwa watan Janairu 1994 faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, daga ranar da aka karya darajar sefa ya koma 100. A dare ɗaya guzurin mai zuwa daga Paris ya ninka, albashin malamin lakkol na Yamai kuwa ya rage rabi in an auna shi da kayan waje. Wasu ma ba su tsaya ga canji ba: sukan sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504 a Turai, su ƙetaro Sahara da ita, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, kuɗin ya biya tafiyar har da tikitin jirgin komawa. Waɗannan, ko sun sani ko ba su sani ba, fatake ne, kuma a ganinmu sun fi sauran shiga tsarin da muka bayyana a sama, tun da sun zo da haja, sun nemi dillali, sun bar wani abu a ƙasa.

7. Takarda

Abin da ya raba matafiyan biyu a ƙarshe ba nauyin jaka ba ne, takarda ce. Ƙungiyar Damouré da Lam da Rouch ta sake komawa kan wannan batu sau biyu. A Petit à petit (1971) Damouré ya sauka Paris yana auna kawunan mutanen birnin da haƙoransu kamar yadda masana suka auna kakanninsa. Wasan ya yiwu ne a lokacin da ɗan Nijar bai buƙatar biza don shiga Faransa, abin da ya ƙare a 1986. A Cocorico! Monsieur Poulet (1974) kuwa, masu sayen kaji da tsohuwar Citroën 2CV marar takardu ba su iya bi ta gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, saboda ƴan sanda, sai suka riƙa ƙetarar da motar ta cikin ruwa. Gada tana tsaye, talaka yana iyo a ƙarƙashinta.

Hanyar ƴan goyon jaka ta Sahara ta mutu a farkon shekarun 1990, da tawayen arewacin Nijar da Mali da yaƙin basasar Aljeriya. Abin da ya rage ya ƙare da sace Faransawa biyu a Yamai a watan Janairu 2011, da faɗuwar arewacin Mali a 2012, da kisan Kure na 9 ga Agusta 2020. Amma hanyar ba ta zama kufai ba, juyawa ta yi. Samarin Gine da Gambiya da Najeriya da Kamaru sun bi ta daga kudu zuwa arewa, da jaka a baya su ma, da kuɗi kaɗan, suna kwana a tashoshin Yamai kafin motar Agadas. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba mafi yawansu izinin kaiwa har can, amma dokar 26 ga Mayu 2015 ta mai da ɗaukarsu zuwa arewa laifi, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, har zuwa watan Nuwamba 2023 da aka soke ta. Babu mai kiran waɗannan routards, kuma babu kamfanin da ya buga musu littafin jagora. Nasu jagoran yana cikin wayar hannu, lambar wani da ya riga su wucewa, wato tsarin zango ne da sabon kayan aiki.

Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, an rufe shi a Yamai. Damouré ya rasu a 2009, shekara biyu bayan an buga littafinsa Journal de route, shi ma da Faransanci. Matuƙan jiragen Ayoru da Gaya, da masu masauki, da tsofaffin ƴan kamashon tashar Wadata da suka yi lodin ƴan biɗa da ƴan goyon jaka a mota guda, wasunsu suna raye. Ɗalibin da ke neman batun digiri na biyu yana iya zama da su da rakoda, cikin Hausa da Zabarmanci, ya fara da nuna musu Jaguar ba sauti, kamar yadda aka yi wa Damouré da Lam.